Fasa Ƙwai Da Rufin Asiri: Darasin Makaɗan Yendi Ga Mai Rubuta Tarihin Sarakunan Gem

A gidan kallo babu wanda ake jin haushi kamar mutumin da ya riga kowa ganin fim, ya zo ya zauna a bencin baya yana sanar da abin da ke tafe: wane zai mutu, wance ce ta zuba gubar, almajirin nan ɗan sarki ne da aka sace tun yana goye. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, amma da za a ba 'yan kallo dama da sun yi waje da shi. Laifinsa shi ne ya fasa ƙwai tun kafin lokacin ƙyanƙyasa. Akwai kuma wani da shi ma ba a son zama kusa da shi, wato wanda ka shigo a makare ka tambaye shi wane ne wancan mai rawanin, ya ce maka kai dai zuba ido. Na farko ya kashe maka daɗin labari, na biyu ya bar ka cikin duhu. Tsakanin waɗannan mutum biyu ne duk mai rubuta tarihin sarauta yake neman wurin zama, ko sarautar ta gaske ce ko ta ƙage.

Ta ƙagen ce ta jawo ni wannan magana. Akwai wani wasan bidiyo, irin wanda samarinmu ke kira gem, mai suna Elden Ring, wanda kamfanin FromSoftware na ƙasar Japan ya fitar a watan Fabrairun 2022. Hidetaka Miyazaki ne ya jagoranci aikin, shi kuwa George R. R. Martin, marubucin nan na Amurka da aka shirya Game of Thrones daga littattafansa, shi ya tsara tsohon tarihin duniyar da ake wasan a cikinta. Tun daga buɗewa ake gaya wa ɗan wasa cewa akwai wata sarauniya mai suna Marika, an farfasa zoben da mulkinta ya dogara a kansa, an kashe ɗanta Godwyn a wani dare, ita kanta ta ɓace, sauran 'ya'yan gidan kuma kowa ya wawuri ɓallin zoben suka faɗa yaƙi da juna har ƙasa ta lalace. Wanda ya san tarihin gidajen sarauta ba zai ji baƙon abu a nan ba. Mace ɗaya da aure biyu, miji na farko Godfrey, na biyu Radagon wanda ya baro matarsa Rennala da 'ya'yansu ya koma wa sarauniya, 'yan uba da 'yan turaka, kowa yana ganin shi ya fi cancanta.

Abin da ya bambanta wannan wasa shi ne yadda yake ba da labarinsa. Ba ya zaunar da kai ya karanta maka tarihi daga farko zuwa ƙarshe. Za ka tsinci takobi ka ga jimla biyu a jikin bayaninsa, ka samu laya ko sulke ka ga wasu biyu, ka tarar da mutum-mutumi a kangon fada, ka ji wani tsoho ya faɗi rabin magana ya yi shiru. Kai ne za ka harhaɗa. Miyazaki ya taɓa bayyana cewa yana yaro yakan karanta littattafan da suka fi ƙarfin karatunsa, inda bai gane ba sai ya cike da tunaninsa, kuma irin wannan daɗin yake so mai wasa ya ɗanɗana. Saboda haka mutum kan shafe sa'o'i masu yawa, wani ma makonni, kafin ya gane wa ya haifi wa, kuma ranar da ya gano yakan ji kamar shi ya haƙa rijiyar da hannunsa.

Ɗan yayata, wanda ke karatu a Tamale, yana cikin waɗanda wasan ya kama. Shi da abokansa suka ƙudura za su rubuta salsalar wannan gidan sarauta da Hausa, domin 'yan zango da ke wasan Turancinsa na zamanin da yana ba su wahala. Da ya zo hutu ya kawo mini zanen da ya fara. Ya ce, "Kawu, akwai layi guda da ya gagare ni. In na ja shi daidai, na tona babban sirrin wasan, wanda ba a ganewa sai an kusa ƙarshe. In na ja shi yadda sabon ɗan wasa yake zato, na rubuta ƙarya. In na bar wurin fili, mai karatu zai ce ban iya ba." Ba zan faɗi ko wane layi ba ne, don wataƙila cikin masu karanta wannan akwai wanda bai kai wurin ba. Na dai ce masa, "Ɗana, wannan damuwa taka ta girmi kwamfuta. Mutanen ƙasar da kake karatu a cikinta sun daɗe suna fama da ita, kuma a wurinsu abin ya wuce daɗin wasa."

Kafin in kai ga wannan, yana da kyau a san cewa masu rubutu a intanet sun kasu biyu a kan batun. Kundin Wikipedia na Turanci ya daina sanya gargaɗin fasa ƙwai tun shekarar 2007, bisa hujjar cewa kundin ilmi aikinsa cikakken bayani ne, wanda ya buɗe shafin labari ya san zai tarar da ƙarshensa. Su kuwa shafukan da masoya wasanni ke rubutawa, da yawansu suna sa gargaɗi a sama, ko su naɗe sashen sirri sai an taɓa ya buɗe. Kowanne yana da hujja. Sai dai dukansu suna kallon matsalar kamar ta fasaha ce kawai, ta maɓalli da launi. A arewacin Gana na ga an ɗauke ta a matsayin tarbiyya.

A Dagbon, ƙasar Dagomba wadda Yendi ce fadarta, tarihin sarakuna yana hannun makaɗan da ake kira lunsi. Abin kiɗansu, lunga, ɗan'uwan kalangunmu ne, ana matse shi a hammata yana magana. Sana'ar gado ce, suna danganta kansu ga Bizung ɗan Naa Nyagsi, kuma shugabansu a Yendi shi ne Namo Naa. Yaro kan fara tun yana ƙarami, yana haddace sunayen sarakuna da iyayensu mata da 'ya'yansu da kirarinsu, shekara da shekaru. A rana ta yau da kullum, a kasuwa ko wurin biki ko jana'iza, makaɗi zai hango mutum ya kaɗa masa kirarin kakansa, ya jero masa wa ya haifi wa har ya kai shi jikin wani sarki. Wannan sashe a buɗe yake ga kowa, domin da shi mutum ke sanin matsayinsa a cikin jama'a.

Akwai kuma babban zama da ake kira Samban lunga, wanda ake yi a ƙofar fadar manyan sarakuna lokacin salla ƙarama da babba. Ana farawa da dare a kai har asuba. Babban makaɗi zai ɗauki zamanin wani sarki ya warware shi da waƙa, sauran suna amsa masa da kiɗa, sarki da jama'a suna saurare. Ba a shiga wannan fage haka nan. Akwai yanka da ake yi, akwai kyautar da sarki ke bayarwa, kuma makaɗan sun yi imani cewa wasu tsofaffin labarai, musamman na yaƙi da zubar da jinin 'yan sarki, suna da nauyin da zai iya komawa kan wanda ya faɗe su ba bisa ƙa'ida ba. Wani Ba'amurke mai suna John Chernoff ya shafe shekaru tun daga wajejen 1970 yana koyon kiɗa a wurin Alhaji Ibrahim Abdulai a Tamale, suka haɗa babban aikin nan mai suna A Drummer's Testament. Cikin abubuwan da aikin ya tattauna har da wannan tsoro da dattawan makaɗa ke da shi, da muhawarar da aka yi kan abin da ya halatta a rubuta.

Abin lura shi ne makaɗin Dagbon ba ya musanta cewa akwai sauran magana. Yakan nuna maka cewa ga ƙofa, amma yau ba ranar buɗe ta ba ce, ko kuwa kai ba ka kai shiga ba tukuna. Har kirarin sarakunan ma haka aka gina shi, hawa-hawa. Kiɗan rawar da ake kira Nagbiegu na Naa Abudu ne, wanda ake kira Naanigoo kuma na Naa Andani. Yarinya za ta taka su a wurin biki don daɗin kiɗa kawai. Babba ya san kirarin wane sarki ne. Dattijo ya san abin da ya faru har aka yi kirarin, ya san wa aka yi wa habaici. Kiɗa ɗaya ne, kowa yana ɗiban daidai tulunsa, kuma ba a yi wa kowa ƙarya ba. Da na ga yadda gem ɗin nan ke ɓoye tarihin sarauniyarsa a jikin takubba da layu, wannan kiɗa ne ya faɗo mini a rai.

Tushen gidan sarautar kansa yana ɗauke da labari kan nauyin sanarwa. A Pusiga, gabas da Bawku kusa da iyakar Togo, akwai wurin da ake ziyarta da sunan Naa Gbewaa, wanda Dagomba da Mamprusi da Nanumba suke ɗauka kakansu. Riwayoyi suna kai salsalarsa ga Tohazie, Jan Maharbi, wanda wasu ke cewa daga wajen Zamfara ya fito. Riwaya ta ce da Gbewaa ya tsufa ya so ɗansa Fogu ya gaje shi, babban ɗansa Zirili ya samu labari ya kashe Fogu. Fadawa suka rasa wanda zai iya buɗe baki ya gaya wa tsoho, sai aka sa kiɗa da busa suka isar da saƙon. Da ya fahimci abin da kiɗan ke faɗi, baƙin ciki ya sa ƙasa ta haɗiye shi a wurin. Bayan haka ne 'ya'yansa suka watsu, Tohugu ya kafa Mamprugu, zuriyar Sitobu ta kafa Dagbon. A wannan labari magana ta yi kisa sau biyu: sirrin da ya fita kafin lokacinsa ya kashe ɗa, gaskiyar da ba makawa sai an faɗe ta kuma ta tafi da uba. Fadawan ba su ɓoye wa sarki mutuwar ɗansa ba, hanyar faɗa kawai suka nema. Bahaushe ya ce magana zarar bunu ce, mutanen Gbewaa sun san haka tun ba a kawo takarda ƙasarsu ba.

Da takarda ta zo, sai lissafi ya canja. A shekarar 1930 Turawan Ingila suka tara sarakuna da dattawan Dagbon a Yendi domin a rubuta tsarin sarautar ƙasar, aka rubuta cewa Yaa Naa yana fitowa ne daga masu riƙe da sarautun Karaga da Savelugu da Mion. A 1948 aka sake fasalin masu zaɓen sarki. Abin da a da yake a bakin dattawa, ana juya shi gwargwadon hali, ya zama rubutu da lauya zai ɗaga a gaban kwamitin bincike. Gidaje biyu na 'ya'yan Naa Yakubu, wato Abudu da Andani, kowanne ya riƙa neman layin da ya goyi bayansa. Martin Staniland ya bi diddigin wannan a littafinsa The Lions of Dagbon na 1975. Ƙarshen abin kowa ya sani: a ranar 27 ga Maris 2002 aka kashe Yaa Naa Yakubu Andani na biyu a Yendi tare da mutane da dama, kuma sai a watan Janairun 2019, bayan doguwar sasantawa da kwamitin manyan sarakuna ƙarƙashin Asantehene Otumfuo Osei Tutu na biyu ya jagoranta, aka naɗa Yaa Naa Abukari Mahama na biyu. Ba rubutu ne ya haddasa rikicin ba, siyasa da son mulki sun isa. Amma rubutu ba shi da dare na musamman, ba ya neman yanka, ba ya duban fuskar mai saurare. Kowa ya buɗe shi, a kowane hali yake, zai faɗa masa komai lokaci guda.

Kada mai karatu ya ɗauka ina kushe alƙalami. Ni jikan fatake ne, kuma garin da kakanninmu suka fi ambata shi ne Salaga, wadda suke kira Salga, kasuwar ƙasar Gwanja inda ayarin Kano da Katsina ke sauke kaya su ɗauki goro. A can malamai ne suka riƙe tarihi da tawada. Tun tsakiyar ƙarni na 18 aka rubuta Kitab Ghanja da Larabci, wanda salonsa gajere ne ƙwarai: shekara kaza sarki wane ya rasu, shekara kaza aka yi yaƙi kaza. Amfanin irin wannan rubutu ya bayyana daga baya. Riwayar baka ta tattara kafa daular Gwanja kusan duka a kan mutum ɗaya, Ndewura Jakpa, shi kuwa littafin ya nuna jerin sarakuna ne suka yi aikin, ɗaya bayan ɗaya. Ba don malaman sun rubuta ƙashin bayan labarin a fili ba, da sunayen nan sun narke cikin suna guda.

Salaga ta kuma koya mana yadda ake rubuta abin da ke da zafi. Sarautar Kpembe, wadda Salaga ke ƙarƙashinta, tana zagayawa ne tsakanin gidaje uku: Lepo da Singbung da Kanyase. A 1892 rikicin gado ya zama yaƙin basasa, Kabachewura Isifa na gidan Kanyase ya samu taimakon Dagomba da Nanumba ya ci Kpembe, kasuwa ta watse, baƙi suka bazu zuwa Kete Krachi da Yeji da Kintampo. Malam Alhasan na Salaga ya rubuta labarin. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano a 1858 ya rasu a Kete Krachi a 1934, ya yi waƙa a kai. A 1967 J. A. Braimah, ɗan sarautar Gwanja, da Jack Goody suka fitar da littafin Salaga: The Struggle for Power, inda aka jera riwayoyi daban-daban na yaƙin, na 'yan gida da na baƙi. Wannan ma hanya ce ta adalci ga mai karatu: a nuna masa wa ya faɗi me, daga wane gida yake magana, a bar shi ya auna.

Akwai kuma abin da Salaga ta yi shiru a kansa da gangan. Garin babbar kasuwar bayi ce, har yau ana nuna wa baƙi filin kasuwar da rijiyoyin da ake dangantawa da wancan zamani. Wannan tarihi wajibi ne a faɗe shi ba tare da kwaskwarima ba, har da hannun da fatakenmu suke da shi a ciki. Amma a zango tsofaffi sun san gidan da kakarsu sayo ta aka yi, kuma mai mutunci ba ya faɗa. Na tashi na ga tsohuwar da in hira ta doshi nan sai ta ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, ta kawo wata maganar. A ƙasar Asante ma doka ce ta gargajiya cewa ba a tona asalin wani. Ga yadda suka raba abin: abin da ya faru na kowa ne, a koyar da shi, sunan wanda zai ji kunya yau a gaban surukansa kuwa nasa ne, shi ke da ikon faɗa ko bari.

A Bawku kuwa maganar wa ya fara zama, wa ya naɗa wa, ba ta zama tarihi ba tukuna. Takaddamar sarauta tsakanin Kusasi da Mamprusi ta fito fili tun 1957, dokokin gwamnati a 1966 da 1983 sun juya hukunci daga wannan hannu zuwa wancan, magana ta kai Kotun Ƙoli a 2003, kuma garin ya sha zama ƙarƙashin dokar hana fita, an yi asarar rayuka masu yawa. Hausawan zango da sauran 'yan kasuwa suna tsakiya, suna saye da sayarwa da kowane ɓangare. Wanda zai rubuta jerin sarakunan Bawku a shafin Facebook ya sani cewa inda ya fara ƙirga da kalmar da ya zaɓa za a karanta su a matsayin ɗaukar ɓangare. A irin wannan wuri fayyacewa ita ce a ce ga abin da waɗannan ke riƙe da shi, ga abin da waɗancan ke riƙe da shi, ga abin da hukuma ta yanke a shekara kaza. Jimlar da aka rubuta don ta burge, ko don a tara masu yabawa, tana iya zama sanadin rufe kasuwa.

To, a nan ne ya kamata a yi hattara da ɗaya ramin. Rufin asiri yana da saurin rikiɗewa ya zama ƙarya. Mai rubuta tarihin gem da ya ja layin da ya san ba daidai ba ne, wai don kada ya ɓata wa sabon ɗan wasa, ya yaudari wanda ya gama wasan ya zo neman tabbaci, kuma ranar da sabon ya gano gaskiya ba zai sake yarda da shafin ba. Haka marubucin da ya share sunan wani sarki daga jeri don gidan da ke mulki ya ji daɗi, ko ya ce ba a taɓa sayar da mutum a garinsu ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ƙofar da aka rufe aka rataya mata alama tana girmama mai wucewa, domin ya san akwai ɗaki, ya san zai iya dawowa. Ƙofar da aka toshe aka shafe da yumɓu har ta saje da bango, ita ce ke sa jikoki su tashi ba su san fasalin gidansu ba.

Shawarar da na ba ɗan yayata daga nan ta fito. Na ce ya fara shafinsa da abin da wasan kansa ya faɗa a buɗewa, da abin da duk mazaunin wannan ƙasa ta ƙage zai sani: sunayen sarauniya da mazajenta da 'ya'yan da aka shaida, kamar yadda makaɗi ke yi a kasuwa. Ya rubuta a fili cewa wannan ita ce salsalar kamar yadda mutanen ƙasar suka san ta, domin wannan jimla gaskiya ce ko da akwai abin da mutanen ƙasar ba su sani ba. Daga nan ya ja layi ya sanar cewa abin da ke ƙasa na wanda ya kai wuri kaza ne a wasan, ya ambaci wurin da suna don mutum ya auna kansa, kuma kada kan maganar sashen ya zama shi ne tonon. A ƙarƙashin layin ya faɗi komai ba ƙumbiya-ƙumbiya, ya nuna a jikin wane takobi ko bakin wane mutum aka samo kowace magana, ya raba abin da wasan ya tabbatar da abin da masoya suke hasashe. Ya yi zane biyu na salsalar, na fili da na ciki. Ya ce aikin ya ninku. Na ce masa yaron makaɗi ma shekaru yake yi kafin a bar shi ya buɗe baki a ƙofar fada.

Na san tazarar da ke tsakanin abubuwan nan biyu. Wanda aka fasa wa ƙwai a gem ya yi asarar daɗin dare ɗaya, gobe zai sayi wani wasan. Wanda aka tona wa asali a zango, ko garin da aka hura wa wuta da rubutu, asararsu ba ta da kantin da ake sayen madadinta. Duk da haka hannu ɗaya ne ke rubuta duka biyun. Tun 2021 harshen Dagbani ya samu nasa kundin Wikipedia, ga na Hausa yana ta girma, kuma samarin da ke cika su da tarihin Naa Zangina, da yaƙin Adibo na 1896 inda Jamusawa suka fatattaki rundunar Naa Andani, da jerin sarakunan Kpembe, sa'o'in waɗanda ke kwana suna gem ne, wani lokaci ma su ɗin ne. Yaron da ya koyi tsayawa ya tambayi kansa wa zai karanta wannan, a wane matsayi yake, me ya kamata ya fara sani, me zai jira, me kuma ba za a taɓa murɗewa ba, a kan sarauniyar da ba ta taɓa rayuwa ba, ya samu horon da zai yi masa amfani ranar da zai rubuta sunan sarkin da jikokinsa ke zaune a layinsu.

Saboda haka idan kuka ga yaranku sun duƙufa suna gardama kan wa ya haifi wa a wata masarauta ta cikin kwamfuta, kada ku yi saurin cewa ɓata lokaci ne. Ku tambaye su yadda suke yanke abin da za su rubuta a sama da abin da za su naɗe a ƙasa. In salla ta zo kuma hali ya yi, ku kai su ƙofar fada a Yendi ko Savelugu su kwana suna sauraren lunsi, su ga yadda dattijo ke riƙe da tarihin ɗaruruwan shekaru a kansa, yana zaɓen abin da daren zai ɗauka, yana ajiye saura sai wata sallar.